Daga bulala zuwa ɗaga hannu: taimakon da malaman Nijar ke bukata don gina yara masu yarda da kansu

A cikin shekaru biyu, hukumomin Nijar sun ɗauki matakai biyu da suka shafi duk yaron da ke zaune a aji. A 2024 an maido da jarrabawar CFEPD, wato sartifika ta ƙarshen firamare, bayan kusan shekaru goma da dakatar da ita. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

An tafka muhawara kan matakan biyu a gidajen rediyo, a fadodin matasa da kuma shafukan Facebook. Sai dai akwai wanda ba kasafai ake ambatonsa ba a wannan muhawara: yaron da ke can bencin baya, wanda ya shekara uku ko huɗu a lakwal bai taɓa ɗaga hannu ba. Jarrabawa za ta same shi a inda yake, sauyin harshe ma haka. Ko zai amfana da su, ya danganta da abin da ke gudana tsakaninsa da malaminsa kowace safiya. Shi kuwa malamin, galibi ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake fito da irin wannan yaro daga cikin tsoro.

Inda yaro ke fara yin shiru

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai da ake kai wa ajin CI a Tasawa ko Madawa ba ya zuwa da kai wayam. Ya iya ƙirga canji idan an aike shi kanti, ya san tatsuniyoyi, wani ma ya haddace surori a makarantar allo. A mafi yawan makarantu, ranar farko ake nuna masa cewa duk wannan ba ya cikin lissafi, domin da harshen da bai taɓa ji ba a gida za a yi masa magana.

Waɗanda suka yi lakwal a shekarun baya suna tuna “sambol”, wani ƙashi ko tarkace da ake rataya wa duk ɗalibin da aka kama yana magana da harshen gidansu. Mai ɗauke da shi sai ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa, wanda ya kwana da shi kuma ya sha hukunci. Dabara ce da aka gada daga zamanin mulkin mallaka. Ta ja baya sosai a yau, amma darasin da ta bari bai gushe ba: wanda ya buɗe baki ya yi kuskure, dariya ce ko duka ke jiransa, saboda haka yin shiru ya fi.

A kan wannan sai a ƙara da wasu ɗabi'u da aka saba da su har ba a ganinsu a matsayin laifi: kiran yaro jaki ko daƙiƙi, sa ƴan aji su yi masa ature, da karanta sakamakon jarrabawa da ƙarfi tun daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da fitar da umurnin hana duka a makarantu, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda ta ce ladabtarwa a makaranta dole ta kiyaye mutuncin yaro. Duk da haka bulala ba ta bar kan teburin malamai da dama ba.

Alƙaluma sun nuna yawan yaran da ke cikin wannan hali. A binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare a Nijar ne ya kai matakin da ake bukata a karatu. A zagayen 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai kusan uku cikin goma. Ma'ana, har a lokacin, bakwai cikin goma na zaune a ajin CM2 suna kallon rubutun da ba su fahimta sosai. Yaron da ya shafe shekaru shida a haka, da wuya a same shi yana ganin kansa da wata daraja a fagen karatu.

Yarda da kai daban, girman kai daban

Da zarar an ambaci gina yarda da kai ga yara, wasu iyaye da malamai kan ɗaga gira. A ganinsu wata hanya ce ta lalata tarbiyya, a samu yara masu tsaurin ido da ba su san na gaba ba. Wannan fargaba tana da tushe, domin kunya da ladabi ginshiƙai ne a tarbiyyar Bahaushe, haka ma a ta Bazabarme, Bafillace, Babarbare da Ba'abzine.

Amma akwai bambanci tsakanin kunya da tsoro. Yarinyar da ke durƙusawa ta gaida manya, kuma ta iya cewa “madam, ban gane ba, a sake mini,” tana da kunya kuma ta yarda da kanta. Wadda ta san amsa amma bakinta ya ƙi buɗuwa saboda abin da ya faru da ita a makon jiya, tsoro ne ya kama ta. Abin da ake nema shi ne yaron da ya san kuskurensa ba ya rage masa daraja a wurin malaminsa, wanda kuma ya yi imanin cewa idan ya dage zai iya. Irin wannan yaron ne gobe zai iya tsayawa gaban mai ɗaukar aiki ya faɗi abin da ya iya, ko ya ce a'a idan abokai suka miƙo masa ƙwaya.

Yabo kaɗai ba ya koya karatu

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa maganin zagi shi ne yabo ba kai ba gindi. Binciken masana halayyar ɗan Adam bai goyi bayan haka ba. A 2003, wata tawagar masana ƙarƙashin Roy Baumeister ta bi diddigin ɗimbin nazarce-nazarce a Amurka, ta gano cewa cusa wa ɗalibi jin cewa shi gwani ne ba ya ɗaga makinsa. Galibi nasarar ce ke fara zuwa, sannan yarda da kai ta biyo baya.

Kafin nan, a 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara ƴan firamare da wasu tambayoyi. An yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu kan ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka ce masu basira ne sun fi saurin karaya, sun kuma fi son komawa ga masu sauƙi don kada a ga gazawarsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi dagewa.

Darasin da ke ciki ga malamin Nijar a fili yake. Ce wa yaron da bai iya haɗa baƙaƙe ba “kai gwani ne” ba zai amfane shi ba, don shi ma ya san ba gaskiya ba ne. Abin da zai amfane shi shi ne a ba shi aikin da ya dace da matakinsa, ya yi shi daidai, a kuma nuna masa a zahiri: makon jiya baƙaƙe biyar ka sani, yau ka san goma sha biyu. Ke nan taimaka wa malami ya gina yarda da kai ba ya rabuwa da taimaka masa ya koyar da kyau.

Abin da aka riga aka gwada a gida

Nijar ba ta bukatar zuwa nesa neman misali. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Awon da aka yi wa waɗannan makarantu a lokuta daban-daban ya nuna ɗalibansu ba su gaza takwarorinsu ba, sau da yawa ma sun fi su, kuma ajinsu ya fi rai saboda yara na tambaya suna ba da amsa. Dokar LOSEN ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Duk da haka, makarantun sun shafe shekaru da dama da sunan “gwaji”, kuma sabon tsarin karatu da aka fara a makarantu 500 a tsakiyar shekarun 2010 ya ci karo da ƙarancin littattafai da na malaman da aka horar.

Wannan tarihi gargaɗi ne ga masu murnar matakin 2025. Ayyana harshe a takarda ba ya sa malamin da aka horar da Faransanci zalla ya iya koyar da lissafi da Hausa. Akwai kuma wani gargaɗin: a Tawa, Difa, Tillaberi da unguwannin Yamai, aji guda kan haɗa yara masu harsuna uku ko huɗu. Idan ba a yi hattara ba, yaron da ya taso da Tamajak ko Fulatanci zai tsinci kansa a matsayin da ɗan Bahaushe ya tsinci kansa a zamanin sambol.

Misali na biyu ya fito daga jihar Tawa, inda shirin “Makaranta don kowa” da hukumar JICA ta Japan ke tallafawa ya fara aiki a 2004 da kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka fi sani da COGES. Daga baya shirin ya ɗauko dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita: a yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji, a ga ko baƙaƙe ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta labari, sannan a raba yara bisa matakinsu maimakon ajinsu, a yi musu ƙarin darasi bayan an tashi. Ana gabatar da sakamakon a taron gari, iyaye su ga inda aka kwana. Amfanin dabarar ga zuciyar yaro shi ne, ɗan CM1 da ya daɗe yana ɓoye cewa bai iya karatu ba yana samun kansa cikin tsara masu matsala irin tasa, kuma cikin makonni yana ganin ya haura mataki.

Na uku daga Difa ne. Bayan da rikicin Boko Haram ya raba dubban iyalai da gidajensu, ƙungiyar agaji ta IRC ta horar da malamai kan tafiyar da aji cikin natsuwa, ba tsawa ba wulaƙanci, tare da ƙarin darussa ga yara. Nazarin da aka yi da haɗin gwiwar jami'ar New York ya nuna yaran da suka samu ƙarin darussan sun fi ci gaba a karatu da lissafi. Wannan ya shafi Maradi kai tsaye, domin tun 2019 yankunan Gidan Rumji da Madarumfa ke karɓar iyalan da hare-haren ƴan bindiga suka koro. Yaron da ya ga an ƙone garinsu, tsawa ɗaya ta isa ta rufe masa baki na tsawon shekara.

Malamin da aka raina

Duk waɗannan dabaru a hannun malami za su bi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Shekara da shekaru, mafi yawan malaman firamare na Nijar ƴan kwantaragi ne, masu ɗan alawus da kan yi jinkirin zuwa, waɗanda ake turawa ƙauyuka masu nisa ba tare da tabbacin gobe ba. A watan Yulin 2017 gwamnati ta yi wa dubban ƴan kwantaragi jarrabawar auna ƙwarewa, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka samu rabin maki. An sallami wasu, ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka gudanar da lamarin. Ko da an yarda cewa awon ya zama dole, abin da ya rage a bakin jama'a shi ne “malamai ba su iya komai ba”. An yi wa malamai a bainar jama'a irin abin da ake roƙonsu su daina yi wa ɗalibai.

Malamin da ke gaban yara saba'in ko fiye, wanda ake bin sa bashin hatsi a kanti, wanda kuma shi kansa da bulala aka koyar da shi, idan aji ya rikice abin da ya sani zai koma wa. Ce masa “kada ka yi duka” ba tare da an ba shi abin da zai maye gurbin dukan ba, kamar karɓe wa manomi fartanya ne a ce ya je ya yi noma. Maido da jarrabawar sartifika na iya ƙara wannan matsi, domin idan da yawan waɗanda suka ci za a auna makaranta, malami zai karkata ga ƴan bencin gaba ya bar sauran.

Irin taimakon da zai yi aiki

Ƙasar na da hanyoyin isa ga malamai ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Akwai makarantun horar da malamai na ENI, akwai sufetoci da masu ba da shawara kan koyarwa, akwai kuma tarukan CAPED inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa don ƙara wa juna sani. Abin da ya rage shi ne a sa tafiyar da aji ba tare da wulaƙanci ba cikin abin da ake koyarwa a aikace a waɗannan wurare: malami ya gabatar da darasi a gaban ƴan uwansa, a duba yara nawa ya kira da suna, wa ya tambaya, me ya ce da aka ba shi amsar da ba daidai ba. Taron bita na kwana uku a otel, wanda ake rabuwa bayan an karɓi kuɗin zama, ba ya sauya ɗabi'ar shekara ashirin.

Wasu matakan ba sa cin ko dala. Dabarar allo da malamai suka sani da sunan La Martinière, inda kowane yaro ke rubuta amsa a allonsa a ɗaga tare, tana ba na baya damar amsawa ba tare da an zuba masa ido shi kaɗai ba. Ana iya juya wurin zama kowane mako don kada benci ɗaya ya zama na “marasa ƙoƙari”. Ana iya miƙa wa yaro sakamakonsa a hannu maimakon shelanta shi. Ana iya raba ayyukan aji, kamar riƙon alli, kula da tsabta ko shugabancin rukuni, ta yadda za su zagaya kan kowa, har da mai in'ina da mai lalurar ƙafa.

Ba malamin aji kaɗai abin ya shafa ba. Darakta ne ke sa ƙa'idar da kowa zai bi, kuma idan shi da kansa yana yi wa malamansa tsawa a gaban ɗalibai, magana ta ƙare. A kolej da lise, masu kula da tarbiyya su ne suka fi sanin ɗalibin da ya fara fashi. Mai gadi da masu dafa abinci a makarantun da ke ciyarwa sukan riga kowa gane yaron da ke zuwa da yunwa ko wanda ake cin zalinsa a hanya. Horon da ya tsallake su ya bar rabin aikin.

Ƴan mata na bukatar kulawa ta musamman. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18, yarinyar da aka sa wa rai cewa ba ta da kan karatu ba ta da hujjar da za ta roƙi a bar ta ta ci gaba. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamban 2017 don kare ƴan mata masu karatu ta buɗe hanya, amma kalma ɗaya ta izgili daga malami, ko rashin makewayi a ranar da take al'ada, na iya mayar da ita gida. A nan ƙungiyoyin iyaye mata masu tallafa wa makarantu da malamai mata ke da rawar takawa.

Masu cewa ba wannan ne gaba ba

Akwai masu ganin cewa maganar yarda da kai ta masu ƙoshi ce, a ƙasar da dubban azuzuwa na zana ne. Ba a manta gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai ba, a watan Afrilun 2021, wadda ta kashe yara kusan 20, da ta Maradi a watan Nuwamba na shekarar, wadda ta kashe aƙalla 25. A Tillaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda rashin tsaro. Masu wannan ra'ayi sun yi gaskiya cewa gini, benci da albashi su ne tushe, kuma babu kyakkyawar magana da za ta maye gurbinsu.

Sai dai gina dubban azuzuwa aiki ne na shekaru, yaron da ke CE1 a bana kuwa ba zai jira ba. Kuma ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, asara ce babba gare ta ta kashe kuɗi ta gina aji, yaro ya shiga ya fito da yaƙinin cewa shi ba komai ba ne.

Abin da ke hannun matasa da ƴan ci-rani

Da yawa daga cikin masu biyan kuɗin littafi da na rigar makaranta a yau, yayye ne da ke aiki a Yamai, Agadas, Abijan, Akara, Tripoli ko Turai. Tambayar da aka saba yi a waya ita ce “na nawa ka zo?” Yaron da ya zo na arba'in ba shi da amsar da za ta faranta rai, don haka ko dai ya yi ƙarya ko ya guje wa wayar. Idan aka ce masa ya karanto layi biyu ta saƙon murya na WhatsApp, aka kuma sake neman haka bayan wata guda, za a ji ci gaban da kunne, shi ma zai ji.

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗi a waje kan fi son abin da ake gani, kamar katanga ko fenti. Wani kaso na kuɗin zai iya tafiya ga alluna da alli, ga ƙananan littattafan karatu cikin harshen yaran, ko ga ɗan ihsani ga masu yin ƙarin darasi da yamma a ƙarƙashin COGES. Ɗaliban jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa da ke komawa gida lokacin hutu na iya ɗaukar rukunin yara goma su zauna da su. Haka kuma, duk wanda ya kira gida zai iya neman lambar malamin ƙaninsa ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a aji.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma an daɗe ana kafa hujja da wannan karin magana wajen kare bulala. Amma mai tanƙwara icce ya san idan ya matsa fiye da kima karyewa zai yi. A watan Oktoba, idan aka koma makaranta, dubban sababbin yara za su shiga CI da surutunsu da tambayoyinsu. Yawan waɗanda za su kai CM2 suna ɗaga hannu zai dogara ne da irin horo, kayan aiki da mutuncin da aka ba malaman da za su karɓe su.